Ranar da Na'urata Ta Kama Kawu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta, ka dai san ta da rashin jin magana. Auta ta gama jarrabawa, yanzu daga barci sai waya. Ni ce dai a gajiye, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Shi ya sa na ɗauki biro ban kira ka ba, don in na ji muryarka kuka zan yi, maganar ba za ta fito ba.

Maganar Kawu ce. Ka san shekararsa ashirin da shida yana jan babbar mota a kamfanin nan, kuma ka san bara suka ɗauke ni in riƙa kula da na'urorin gwajin giya da suka sa a bakin get. Kowane direba sai ya hura kafin a miƙa masa makulli. Abin da ke yin aikin a cikinta bai kai ƙwayar wake ba. Ɗan falle ne da aka shafa wa tsatsar kuza, da siririyar waya a ƙarƙashi tana gasa shi. In tururin barasa ya taɓa shi, wuta ta fi gudu a cikinsa, sai lamba ta hau, jar fitila ta kama. Iyakar wayonta ke nan, hanci gare ta amma ba ta da hankali. Lokacin da na fara aikin Kawu har ya ishi direbobi da alfahari, wai uwarsa ce ke tsaron ƙofa yanzu, kowa ya shiga taitayinsa. Ka san tun ina goye Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa da na ci.

To, Litinin uku da suka wuce, Kawu ya hura, na'ura ta yi ja, a gaban direbobi sun fi ashirin. Mutumin da ko lemon kwalba ba ya sha! Manajan sabo ne, bai san waye Kawu ba, nan take ya dakatar da shi. Aka kira ni, na kai na'urar ɗakin gyara, na kwance ta, na gwada ta da kwalbar gwaji har sau biyar, ban sami aibinta ba. Yaya, a nan na yi abin da ya hana ni sukuni. Da na koma gida na tarar da Kawu a zaure, hularsa a gwiwa. Na durƙusa na tambaye shi ko ya sha wani magani, ya ce a'a. Na tambaya ko wani ya ba shi abin sha a hanya, ya ce a'a. Sai bakina ya suɓuce na ce ya gaya mini gaskiya, tsakanina da shi ne, ba mai ji. Ya dai dube ni, ya sa hularsa, ya fita. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Mako guda na yi ina sammako zuwa bakin get kafin direbobi su iso, ina kallo, ban ga komai ba. Ranar Asabar na ce wa maigadin, wanda ake kira Dogo, ya ɗauka ni ce Kawu, ya yi mini duk abin da ya yi ran nan, kada ya tsallake ko ɗaya. Sai na ga ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalbar sanitaiza. Ashe bututun da ake canja wa kowane direba sun ƙare tun watan jiya, sito bai kawo ba, sai suka koma amfani da guda ɗaya suna ɗauraye shi da ruwa. Dogo ya ce shi dai bai ga dacewar dattijo kamar Kawu ya sa baki inda yara suka sa nasu ba, shi ya sa ya tsiyaya sanitaiza ya goge masa bututun tas, don girmamawa. Ba wanda ya yi wa haka sai shi, shi ma ran nan ne karo na farko. Ya goge, na hura, ta yi ja. Sanitaiza ai kusan duk barasa ce, na'urar kuwa ba ta san bambancin ta kwalba da ta ciki ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na zauna a kan bencin Dogo na riƙe kai. Ni ma da laifina, don ban taɓa koya wa masu gadin su jira minti goma sha biyar su sake gwadawa da sabon bututu ba, na ɗauka takardar da na liƙa a bango ta isa.

Kamfani ya rubuto takardar ban haƙuri, sun ce Kawu ya dawo. Takarda dai ta wanke shi a ofis, amma labari ya riga ta isa unguwa. Shi da ake turawa gaba in liman ba ya nan, yanzu a sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya sulale. Aikin ma ya ƙi komawa. Dogo ya zo har gida ya durƙusa yana hawaye, Kawu ya ɗaga shi, har ya tsokane shi wai ladabinsa ya fi ƙarfinsa. Manajan ma Kawu ya yafe masa. Da na ga haka sai na sami ƙarfin hali na kai masa shayi, na ce ya yafe mini. Ya karɓi kofin, ya ce, “Na yafe miki, Injiniya. Ita na'ura ƙarfe ce, ba ta san ni ba. Ke kuwa a bayana kika girma.” Tun ranar Injiniya yake kirana, cikin ladabi, kamar baƙuwa.

Don Allah Yaya ka kira shi, yana jin maganarka. Ba roƙa mini shi za ka yi ba, wannan ni zan yi da kaina ko zai ɗauki shekara. Ka dai lallashe shi ya koma bakin aiki, zaman zauren nan cinye shi yake yi, wandonsa har ya fara yi masa yawa. Ni kuwa gobe ma sai na je get ɗin, an kawo sababbin bututu kwali biyu, yanzu da ba su da amfani a wurina.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, Goggo ta ce ka daina aiko mata hoto ka zo da kanka, Auta ma ta ce in sa sunanta. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
wadda Kawu yake kira Uwata a da.