Mai Riƙe Waya a Bayan Talabijin

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da ɗana sarkin tambaya.

Mama ta aiko min cewa da kuka kwashe kayan ɗakin marigayi Baba, ka tsinci gem ɗin nan na wasa a talabijin a saman kabad, ta ce ka ɗauka tunda naka ne. Naka ne! Wallahi raina ya ɓaci, kamar ba ni ce mai furfura a goshi ba.

Bari in tuna maka, tunda na ga mantuwa ta yi maka yawa. Ranar da Baba ya dawo daga tafiya da babbar motarsa, ya shigo da gem ɗin a hammata, tsohon hannu, wayar da ake sokawa a bayan talabijin ba ta zama daram. Da an sake ta sai hoto ya koma yayyafi. An ɗaure da roba, an liƙa salatif, an tokare da cokali, duk a banza. Sai da na danna ta da babban yatsa, na ɗan karkata ta, hoto ya fito tas. Baba ya ce, "Uwata, hannunki kaɗai take ji." Kaina ya kumbura, ashe aiki na jawo wa kaina.

Daga ranar, wurina tsakanin bango da bayan talabijin ne, a kan 'yar kujera, zafin akwatin yana dukan fuskata. Ina jinka kana ihu, "Kai! Ana zagayawa bayan bishiya! Ana ɗaga kai a ga sama!" Ni ban ga bishiya ba, ban ga sama ba. In na leƙo, yatsana ya goce, ka kwarma min ihu. In aka ce ka karɓe ni in taɓa, kafin in gane wane maɓalli ne na tafiya ka saki, wai hannunka ya sage.

Ka aiko min da shi. Ko bai tashi ba, ina so.

Ka gaishe da mutanen gida.
Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarki, kowa lafiya, ɗanki yana gaishe ki. Na karanta ina dariya, matata tana tambayar wa ya taɓo Yaya.

Albishirinki, ya tashi! Na kai shi wurin mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Ya duba, ya jefar da tsohuwar wayar, ya zaro wata daga kwali, shi ke nan. Ko zama ban yi ba.

Da na kunna, sai ga mutuminmu na cikin gem, mai kai kamar kwalin ashana, hannu dunƙule babu yatsu, yana gudu cikin hazo. Ɗanki ya kwashe da dariya ya ce, "Abba, wannan mutum ne ko kabad?" Na so in make shi. Bai san cewa kafin wannan, duk gem ɗin da muka sani hagu da dama kawai ake yi ba. Ranar da na ga ana shiga ciki, ana juyowa a kalli inda aka baro, sai da jiri ya ɗebe ni, ina karkata jiki har na buge kwanon ruwa.

Amma Yaya, ki yi haƙuri, ba zan iya bayarwa ba. Kin san Baba. In ya dawo, ke ce mai kai masa ruwa, ke yake tambaya labarin makaranta. Ni in na gifta, "Kai, ina takalminka?" ne kawai rabona. A gaban gem ɗin nan kaɗai ya taɓa zama kusa da ni.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

*

Auta,

Gaisuwa, a gajarce, don ban huce ba.

Wato waya ce kawai. Wata tana nan kwance a kwali, a bakin layi, ni kuma yatsana har kanta ya yi. Kuma ka bari aka jefar da tsohuwar ba ka tambaye ni ba. Sannu da ƙoƙari.

Gorin kai wa Baba ruwa kake yi min? Mai kai ruwa ajiyewa take ta fita. Tambayar makaranta kuwa, yana yi yana kwance igiyar takalmi. Kai kuwa yamma guda yake ba ka, gwiwarsa a jikin kafaɗarka.

Ka sani, na fi ka sanin gem ɗin nan, sai dai da kunne. Na san ƙarar faɗawarka ruwa, na san kiɗan da ke canzawa in dodo ya kusa. Kafin ka ankara ni na san za a cinye ka, kuma Allah ya gafarta min, daɗi nake ji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau in na ji kana ba mutane labarin "ni da Baba," sai in tashi in bar wurin. Kishi ne, ba na ɓoyewa.

Ka gaishe da yaron, shi ba ruwansa.
Yayarka.

*

Yaya,

Barka da war haka. Wannan karon ban yi dariya ba.

Jiya muna wasan da yaron sai ya ce, "Abba, Kaka yana dariya kuwa?" Hotunan Baba da muke da su duk na lasin tuƙi ne, fuska a murtuke. Na ce yana yi mana. Ya ce yaya fuskarsa take in yana yi?

Ina tuna sautin dariyarsa a bayan kunnena, da warin man mota a rigarsa. Amma idona yana kan mai kan kwalin ashana, ban taɓa waiwayowa ba, tsoron kar in faɗa rami. Na san kowane lungu na gem ɗin, ban san fuskar ubana yana farin ciki ba. Mama tana kicin. Ke kaɗai ce kike fuskantarmu.

Yanzu ni ke kishinki, Yaya. Don Allah ki faɗa min abin da kika gani. In kin faɗa, gobe in sa gem ɗin a mota.

Ki yafe min.
Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka.

Ka faɗa wa yaron Kakansa yana dariya har idonsa ya rufe, giɓinsa na gefe ya fito, yana goge ƙwalla da hularsa.

Ranar farko ce kawai ya kalli talabijin. Bayan nan kai yake kallo, daga kunnawa har kashewa. In ka cije leɓe, shi ma sai ya cije. In hoto ya ɗauke, cewa yake, "Uwata, gyara masa," ko ɗagowa ba ya yi. Ina zaune a gabansa, taku biyu tsakaninmu.

Abin da na gani ke nan. Ka riƙe gem ɗinka.

Allah ya jiƙan Baba.
Yayarka.