Sa Hannun Kyaftin Ɗahiru

Litinin, 1 ga Yuli

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, amsa min: wa ya ba mutum ɗaya ikon kunyata gari guda? Shekara shida Yaya Abdulbasit yana mataimakin matuƙi a jirgin sama na fasinja. Ya je jarrabawar zama kyaftin, Kyaftin Ɗahiru ya kayar da shi. Ɗahirun Kunci fa, wanda uwarsa 'yar ƙauyenmu ce. Baƙin ciki ne kawai.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na zauna gindin ɗorawa na bincika a waya. Ashe malami daban, mai jarrabawa daban. Mai jarrabawa sai ya daɗe yana kyaftin, ya koyar da wasu, sannan hukuma ta yarda ya sa hannu a madadinta. Shi ma wai ana jarraba shi. To, sai me? Na ce wa Baba a je a yi kamun ƙafa. Ya ce da kunya. Na ce kunyar ai ta riga ta shigo gida. Sai da na ɗaga masa murya, Allah ya yafe min.

Asabar, 6 ga Yuli

Mun je gidan Kyaftin Ɗahiru a Rijiyar Zaki, ni da Baba da Kawu Sama'ilu. Baba ya cire hula, ya durƙusa gaban sa'an ɗansa. Kyaftin ya zabura: "Baba, don Allah tashi, kada ka ɗora min wannan nauyin." Baba bai tashi ba sai da ya yi alkawarin sake jarraba Yaya da kansa. Na ji daɗi. Gaskiya na ji.

Juma'a, 12 ga Yuli

Yaya ya zo gida, ya biyo ni gona da takalminsa mai ƙyalli. Na tsokane shi, bai yi dariya ba. Ya ce a wani ɗaki ake jarrabawar, an ƙera shi kamar mazaunin matuƙi a jirgi, har jijjiga yake. Suna tashi aka kashe masa inji ɗaya, a ga yadda zai yi.

"Maimakon wanda ya samu matsalar, mai lafiyar na kashe, Fatihu. Da jirgin gaske ne..."

Malaminsa ya ce sai ya ƙara wata uku. Yaya ya ce kada in gaya wa Inna.

Talata, 23 ga Yuli

Yaya ya ci. An sa hannu. Inna ta raba waina har maƙwabta. Sati uku, ba wata uku ba.

Laraba, 31 ga Yuli

Jirgi ya gifta saman gero, ƙasa-ƙasa. Na tsaya riƙe da fartanya ina sauraron ƙararsa har ya ɓace. Bayana ne ke ciwo, shi ya sa.

Juma'a, 2 ga Agusta

Gobe Yaya zai fara hawa kujerar kyaftin, mutum ɗari da wani abu a bayansa. Sau uku na kira Kyaftin Ɗahiru, bai ɗauka ba. Wataƙila Yaya ya gyara da gaske. Wataƙila. Ban ce kayarwar farko daidai ce ba, ban ce ba.

Amma dole Kyaftin Ɗahiru ya zo ƙofar masallacinmu, gaban Baba da liman da kowa. Ni zan fara, zan faɗi wanda ya tura Baba. Sannan shi ya buɗe baki ya gaya wa jama'a: da ya ɗauki biro, iyawar Yaya ya gani, ko gwiwar Baba a ƙasa?