Wanda Ake Ƙarasa Wa Magana

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Ki gaida Mama idan kin leƙa ta, amma kada ki karanta mata wannan takarda.

Na ga kiran da kika yi ta yi min. Kin san ni da waya, kafin in'ina ta sake ni in gama sallama, katinki ya ƙare. Shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, maƙalar da na rubuta ta dawo, kuma ba ta dawo lafiya ba. Malamin rubutu ya zuba mata jan biro kamar an yanka kaza a kanta. A ƙasa ya rubuta: “Kana da abin faɗa, amma ba ka faɗe shi ba. Je ka teburin taimakon rubutu a laburare, ka gyara ka kawo kafin ƙarshen zango.” Kin san bara ma wannan kwas ɗin ne ya kayar da ni. Wanda ya sake faɗuwa, kwalejin sallamarsa take yi.

Teburin yana can ƙuryar laburare, bayan kantar littattafan tarihi, jikin taga. Wata malama mai tabarau ce ke zama a wurin, da tarin ƙananan littattafai da take ba ɗalibai aro. Kowa yana yabonta. Sai dai ƙa'idarta ita ce ka zauna ka karanta abin da ka rubuta da bakinka, tana saurare. Wai kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Kullum ina zuwa. Sai in tsaya bayan kantar nan, in zaro littafi in buɗe, ina jin sauran ɗalibai suna zuba karatu kamar an buɗe famfo. Akwai wani littafi kan tarihin jiragen ruwa, na kusa haddace shi a tsaye. Jiya ta ɗago kai muka haɗa ido ta tsakanin littattafai, na mayar da shi a juye na fice. Har na isa bakin titi kunya ba ta sake ni ba. Ƙato da ni, ina laɓe-laɓe.

Don Allah ki tambayi maigidanki ko akwai gurbi a shagonsa na taya. Taya ba ta neman a karanta mata komai.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Auta

*

Autan Mama,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, sai ni da takardarka ta sa wa ciwon kai, alhali ni ce mai sayar da maganinsa.

Shagon taya? Kai ɗin da ko buhun wanki ba ka iya ɗagawa sai ka yi nishi? Ka cire wannan daga ranka. Mama ta gama gaya wa duk unguwa tana da ɗa a kwaleji, har mai gyaran takalmi ya sani. Da wane bakin zan je in ce mata ka dawo?

Kai matsalarka ba ka san yadda ake bi da mutane ba. Tun kana ɗan mitsitsi wa ke shige maka gaba? Wa ke gaya wa likita inda ke maka ciwo? Wa ya je wurin hedimasta aka daina tsayar da kai karatu a gaban aji? To wannan ma ba ta fi ƙarfina ba. Ka bar min ita. Kai dai ka ci abinci, ka daina tsayuwa bayan kanta kada ƙafa ta kumbura.

Yara suna gaishe da Kawu.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Ina gaisuwa, amma ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake.

Ashe takarda kika rubuta wa Malama? Da kwatancena, har da tabon da ke goshina? Ina tsaye a wurina na kullum sai ga ta ta zagayo kantar. A hankali ta ce, “Kai ne Auta? Yayarka ta ce in yafe maka karatu.” Ba wanda ya ji, amma na so ƙasa ta tsage in shige. Ɗalibin kwaleji, an aiko masa da takardar neman alfarma daga gida kamar ɗan aji ɗaya.

Na bi ta zuwa teburin don ban san yadda zan gudu ba. Ta ce, “Kawo, yau ni zan karanta maka.”

Yaya, ban taɓa jin maganata tana tafiya ba tare da tuntuɓe ba. Har na fara jin daɗi. Maƙalar kan abin da ke sa yara gudun makaranta ce. Sai ta zo inda na rubuta: “Yaro yakan ƙi ɗaga hannu a aji ko da ya san amsa, saboda dalilai masu yawa, da sauransu.” Ta ajiye takardar, ta cire tabarau.

“Wane dalili?”

Na san yadda ake yi: ka ɗan jira, mutum zai ce “kana nufin tsoro ko?” sai ka gyaɗa kai, a wuce wurin. Ba ta ce ba. Ta haɗa hannuwa a kan tebur tana kallona, ba fushi ba tausayi. Fanka tana juyawa, wani yana jan kujera. Sai da na gane matar nan ko za a rufe laburare ba za ta ce komai ba, sannan na fara. Kalmar farko ta maƙale, na yi ta dukanta, kaina yana karkarwa kamar yadda kika sani. A ƙarshe ta fito. Na ce, “Saboda kafin ya gama, wani ya gama masa.”

Ta miƙo min biro ta ce, “Rubuta. Ita ce maƙalar taka.”

Daga nan ta nuna min kusan kowane sakin layi haka yake, ina fara magana in sake ta a tsakiya in ce “da sauransu”. Kunyar wannan ta fi ta in'inar. A takarda ba abin da ke riƙe min harshe, amma a can ma jira nake a ƙarasa min.

Ta ba ni aron wani siririn littafi na gajerun maƙalu, ta ce in duba inda kowane marubuci ya kai maganarsa kafin ya ajiye ta. Gobe zan koma. Don Allah kada ki sake rubuta mata.

Auta

*

Zuwa ga yayar ɗalibinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso, kuma na ga irin ƙaunar da kike yi wa ƙanenki. Allah Ya saka da alheri.

Ba al'adarmu ba ce mu tattauna aikin ɗalibi da kowa sai shi, don haka ki yi min uzuri. Abin da zan iya cewa kan roƙonki shi ne ba na tilasta wa kowa karatu da baki, kuma ba na yafe wa kowa kai maganarsa ƙarshe.

Takardarki ta bayyana min abin da yake ji, da abin da yake tsoro, da abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Bayanin ya yi kyau ƙwarai. Ina fatan ba za ki ji haushi ba idan na ce na fi so in ji daga gare shi, ko da zai ɗauki lokaci. Lokacin muna da shi, don shi aka ajiye teburin.

Wassalam.
Mai kula da teburin taimakon rubutu

*

Auta,

Salamu alaikum. Takardarka da ta Malama rana ɗaya suka same ni a kanti. Na karanta tata na yi tsaki, na ce ji min mata da iyayi. Sai na karanta taka.

Da na dawo gida ƙaramar ɗiyata ta tare ni za ta ba ni labarin makaranta. Ta ce, “Umma, yau malamarmu ta...” sai na ji bakina ya ce, “Ta dake ki ko?” Yarinyar ta gyaɗa kai ta tafi wasa. Daga baya yayanta ya gaya min ba duka ba ne, tauraro aka manna mata a littafi. Na zauna a bakin gado na kasa cire mayafi.

Wallahi ban taɓa yi don in danne ka ba. Ba na iya ganin kanka yana karkarwa mutane suna kallo, sai in ji kamar ni ake tuɓewa a kasuwa. To ashe kunyata nake rufewa, ina cewa taimakonka nake yi. Yanzu ina ta tunanin sau nawa ka gyaɗa min kai a kan abin da ba shi kake nufi ba.

Ban san me zan ce ba, kuma ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ka yafe min.

Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ki daina, ba abin yafewa. Da ba ki rubuta ba, da har yau ina can ina karatun jiragen ruwa.

Na miƙa maƙalar. Malamin rubutu ya dawo da ita da jan biro kaɗan, makin ba na a zo a gani ba ne, amma na haye. Ki gaya wa maigidanki ya nemi wani a shagon tayar.

Ranar rufe zango ɗaliban teburin za su taru a laburare, kowa ya karanta shafi guda daga aikinsa. Malama ta ce za ta iya karanta nawa. Na ce a'a. Na san zan maƙale, wataƙila tun a layin farko, wataƙila wani ya yi dariya. Ina so ki zo. Amma kin san sharaɗin.

Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Salam. Zan zo, zan zauna a baya, zan cika bakina da alewa.

Layin da ka ga na soke a ƙasan nan, shawara ce kan yadda za ka fara. Kada ka ɗaga takardar a rana.

Yayarka