Motar da Ba Ta da Tambari

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ce Auta, 'yar yayanka. Na san ba ka taɓa ganina da wayo ba, amma da Baba ya rasu ka aiko da gaisuwa, a jikin ambulan ɗin na sami adireshinka. An ce kunne ya hana ka waya, shi ya sa na rubuto.

Muna gyaran rumfar bayan gida sai muka yaye tamfol ɗin nan da Baba ya hana kowa taɓawa. Mun san mota ce, amma ba wanda ya taɓa ganin ta a buɗe. Ba tambari gaba da baya, ba takardu. Fitilunta zagayayyu ne, giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba kuwa doguwa ce kamar benci. Fentinta fari ne, amma inda ya ɓanɓare shuɗi ne a ƙasa. Ga hoto nan na haɗo.

Yaya Babba ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun ce yanka ta za su yi a ƙarshen wata. Na tambayi Mama labarinta, ta ce kanta na ciwo. Bakaniken bakin layinmu ya zagaya ta sau biyu ya ce ta girme shi.

Ni aikin jinya nake yi a asibiti, ban san komai a mota ba. Amma raina bai ba ni a yanka abin da Baba ya lulluɓe shekara talatin ba. An ce a zamaninka ba injin da ke gagararka. Wace mota ce wannan, kuma za ta tashi?

'Yarka,
Auta

*

Wa'alaikissalam Auta,

Takardarki ta iso. Na sa tabarau biyu kafin na karanta rubutunki, ashe gaskiya ne ku mutanen asibiti da ƙafa kuke rubutu.

Ban buƙaci hoto ba. Ki buɗe ƙofar direba ki shafa ƙasanta, za ki ji tabon walda kamar tsawon yatsa. Ni na yi shi. Tambarin ma ni na cire na ajiye, don yara sun matsa masa. Mai fistin huɗu ce, irin waɗanda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi bakanikenku. Ni da babanki muka haɗu muka saye ta, shi yana haya da ita, ni ina gyara.

Yanzu ki saurara. Kada wanda ya murɗa makulli. Kada! Injin da ya yi barcin shekara talatin ba a tashin sa da tsawa. A cire fulogi huɗun, a zuba baƙin mai cokali biyu a kowane rami, a bar shi kwana uku. Sannan a sa babbar sifana a gaban injin a juya da hannu, a hankali. In ya juya, akwai rai. A zubar da duk abin da ke cikin tanki, a wanke kafireta, a sake baƙin mai, a kawo batir.

Ki ce wa Babba ni na ce ya dakata. Rabin motar nan tawa ce, ban yarda a yanka rabina ba.

Ki gaida mamanki, in ta yarda a gaishe ta.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Na shafa, tabon yana nan. Sai da na zauna a ƙasa na ɗan yi kuka.

Mun yi duk yadda ka ce. Kwana uku ba ta motsa ba, bakanike ya ce a haƙura. Na ce a ƙara mata biyu, mu a wurinmu ba a sallamar mara lafiya don ya ƙi tashi ranar da aka so. A rana ta biyar ya rataya a jikin sifana, sai muka ji ƙas, ta juya! Ya yi ta ihu kamar shi ya ƙera ta.

Jiya muka murɗa makulli. Ta yi tari sau uku, ta kama, rumfa ta ɗauki rawa, ɓeraye suka yi ta fita ta salansa. Amma ko minti biyu ba ta yi ba. Farin hayaƙi ya turnuƙe, ruwan lagireto yana tafasa, ta mutu. Da muka zaro sandar awon mai, ya koma kamar shayi da madara.

Akwai wani abu kuma. A cikin but ɗin bayan motar na sami kwali cike da kayan gyara sababbi fil, har da wani falle mai ramuka huɗu a naɗe cikin takarda. A jikin takardar Baba ya rubuta: "Sai ƙanena ya zo. Ba mai ɗaura wannan sai shi."

Mama tana tsaye a bakin ƙofa lokacin da motar ta kama. Sai ta koma ɗaki ta rufe.

Yaya Babba ya ce maganar rabinka ya ji, amma shi rumfa yake so, kwana goma suka rage.

Baffa, me ya raba ku?

Auta

*

Auta,

Na yi kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Bari in fara da mai sauƙin. Fallen nan gaskit ne, shi ke raba ruwa da mai a tsakanin saman injin da gangar jikinsa. Na cikin motar ya ƙone. A kwance saman injin, a kai wurin masu gogewa su daidaita shi, don zafi ya lanƙwasa shi. Wajen ɗaurewa a fara da notunan tsakiya a fita waje, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. A sake duk tiyon ruwa, musamman na ƙasa.

Wannan tiyon na ƙasa shi ne amsar tambayarki. Ya tsage, babanki ya ce in sake shi, don mamanki ta kusa haihuwa. Na ɗaure shi da roba na tafi kallon ƙwallo, na ce masa na sake. Kwana biyu bayan haka naƙuda ta tashi da tsakar rana, babanki ba ya nan, ni na ɗauko ta. A tsakiyar hanya, inda ba gida gaba ba gida baya, roba ta saki, injin ya ƙone. A kujerar baya aka haife ki. Mamanki ta zubar da jini har aka cire rai da ita, ta yi wata guda a asibiti.

Da babanki ya ɗaga bonet ya ga robar, bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ƙarya ka yi min." Sannan ya ce kada in sake taka masa gida. Na tattara sifanuna na tafi. Kowace shekara ina cewa baɗi zan koma, kunya ta hana, har aka ce min ya rasu.

Rubutun nan da kika gani, ban san da shi ba. Da na sani da ko da rarrafe na zo.

Ku ɗaura shi ku da bakanike. Ba zan iya haɗa ido da mamanki ba. In kin ga kin daina rubuto min, ba zan ga laifinki ba.

Baffanki

*

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Ba ka rabu da rubutuna ba tukuna, ka ajiye tabarau biyun kusa.

Na karanta wa Mama takardarka, Yaya Babba yana zaune. Da na gama sai ta ce, "Ya bar rabi." Na ce wane rabi? Ta ce, "Bai faɗi cewa da ƙafa ya ruga neman taimako ba, kilomita nawa a rana tsaka, takalminsa ya tsinke ya yar. Da ya dawo da ungozoma a bayan keken wani, tafin ƙafarsa jini yake. Ni na gani da idona. Na gaya wa babanku ya fi sau ɗari, amma zuciyar gidansu iri ɗaya ce, kowa yana jiran ɗaya ya fara."

Yaya Babba kuwa, washegari shi ya ɗauki saman injin ya kai wurin gogewa, ya kuma sallami masu ƙarafa.

Mun ɗaura shekaranjiya. Ni na riƙe takardarka ina karantowa, bakanike yana ɗaurewa yana gunaguni wai tsoho yana ba shi oda daga nesa. Murɗa ɗaya ta kama. Awa guda tana aiki, ba hayaƙi, ruwa bai tafasa ba, mai ya tsaya baƙi. Da yamma Yaya Babba ya zagaya layi da ita, maƙwabta suna leƙowa ta taga. Birki ne dai ya rage, sai ya taka sau biyu take jin magana. Me za a yi mata?

Mama ta karɓi biro, ga tata nan a ƙasa.

Auta

*

Ƙanin mijina,

Sallama. Ina fatan tsufa bai taɓa ka kamar yadda ya taɓa ni ba.

Yayanka bai iya ba da haƙuri ba, ni kuma ba zan ara masa baki ba yanzu da ba ya nan. Amma ni ban taɓa riƙe ka ba, ko na yini ɗaya.

Kada ka wahalar da kanka da amsar birki a takarda. Babba zai sa a duba, mu taho ranar Asabar, kai ka ƙarasa da hannunka. Mu huɗu ne har da bakanike, ya nace sai ya ga wanda ke ba shi oda.

Auta tana tsoron wai tsohuwar ba za ta kai ba. Na ce mata ko motar ba ta kai ba, mu za mu kai.

Ka share tsakar gida.

Matar yayanka