Ɗana Ya Rasu, Amma Yana Ta Hawa a Jerinku

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke jera matasan 'yan wasan besbol bisa hasashen kwamfuta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Ni direba ne mai kai tsofaffi asibiti, mazaunin garin Lanham a Amurka, asalina Kumasi. Da Hausa na rubuta, 'yata Memuna za ta juya maka da Turanci.

Ɗana Salifu a nan aka haife shi. Mai jefa ƙwallo ne, bahago, kuma wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi, irin waɗanda ake renon matasa a cikinsu kafin a kai su babban rukuni. Shi ya fara nuna mini shafinku, sunansa can ƙasa. Yana dariya ya ce kwamfutarku tana duba shekarun mutum da ƙarfin jifarsa, ta gwada shi da waɗanda suka gabata, sai ta faɗi abin da zai zama.

Ga kukana, Yallaɓai.

Na ɗaya. Salifu ya rasu. Da aka tashi wasa bara waccan ya raka mahaifiyarsa gida Kumasi, zazzaɓi ya kama shi, na bi su can, ko mako bai cika ba. Yana da shekara ashirin da ɗaya. Ƙungiyarsa ta yi mana ta'aziyya. Ku labari bai iso muku ba, kuma a lokacin ban ga laifinku ba.

Na biyu. Da sabuwar kakar wasa ta kama, wayarsa da Memuna ta ajiye ta yi ƙara a kan tebur muna cin abinci. Saƙonku ne, wai Salifu ya hau a jerinku. Muka buɗe shafin. Ga hotonsa, an ƙara masa shekara. A ƙasa an rubuta cewa tun da ba a ji ya ji rauni ba, kafaɗarsa ta huta, jifarsa za ta ƙara ƙarfi. Bana kun sake ƙara masa wata shekarar, har kun faɗi watan da kuke sa ran zai shiga babban rukuni.

Na uku. Na rubuto muku, na haɗa da takardar shaidar rasuwa. Amsa ta dawo nan take, ana gode mini da bibiyar wannan ɗan wasa, ana tabbatar mini cewa a bayananku lafiyarsa ƙalau. Na buga waya, muryar da ta amsa ba ta mutum ba ce.

Na huɗu. Saboda jerinku, baƙin mutane masu wasan mallakar 'yan wasa a intanet suna cinikinsa a tsakaninsu, suna rubuta masa saƙo. Wani ya tambaye shi yaushe zai dawo. Wani ya ce ya gan shi yana atisaye a wani fili kusa da garin Annandale. Yallaɓai, ni na shiga kabarin na kwantar da shi da hannuna. Duk da haka na tuƙa mota na je. Da rana tsaka ne, filin ba kowa sai mutum ɗaya can nesa, ya ba ni baya, yana jifan raga da hannun hagu. Ban fito daga mota ba. Na bar wurin kafin ya waiwayo, kuma har yau ban san me na ji tsoron gani ba.

Na biyar, wanda ya sa na fito fili. Mahaifiyarsa, Hajiya Adiza, ita ta rufe masa ido. Ba ta karanta Turanci, amma tana gane lamba. Kullum bayan asuba sai ta sa Memuna ta buɗe mata shafinku. Ta wanke rigar wasansa ta goge. A wani taron suna nan unguwa ta gaya wa mata cewa an ƙara wa Salifu matsayi. A hanyar gida na tuna mata a hankali abin da idonta ya gani. Sai ta ce, "Alhaji, ai su masu ilimi ne. Da babu shi, da ba su ci gaba da lissafa shi ba."

Ban zo neman diyya ba. Ina roƙon ku cire shi daga hasashenku. Wasannin da ya yi da ransa ku bar su, nasa ne, ku rubuta a kansu cewa ya rasu. Ku sa mutum mai rai ya riƙa karanta saƙon iyaye. Sannan kafin ku cire shi, don Allah ku sanar da ni ranar. Ina so in ɗauki hutu a wurin aiki, in kasance zaune kusa da ita da safen da za ta buɗe shafin ta neme shi ta rasa.

Allah ya raya maka naka 'ya'yan, ya sa su za su binne ka.

Wassalam.

Mahaifin Salifu,
Lanham.