An Hana Ni Ɗaukar Jikana Saboda Gwajin Hanta

Malama, don girman Allah ki agaza mini, kaina ya ƙulle. Ni tela ce, na tsufa a kan keken ɗinki, gwiwa da baya sun gama da ni. Kullum sai na haɗiyi ƙwayar ciwon jiki kafin in taka keke, ga wani jiƙo da maƙwabciyata ke kawo mini a gora. Kwanaki kasala ta dame ni, aka ɗebi jinina a asibiti. Likita ya ce sinadaran hantata sun hau, in dawo a ƙara bincike. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ga layi a bayana, ban samu bakin tambaya ba.

Ni da bakina ba ya riƙe magana, na zo na faɗa a gida. Matar ɗana, wadda ta haihu watan jiya, tana jin an ambaci hanta ta ce ai ciwon nan ne da ake ɗauka. An ware mini kofi da cokali, wannan da sauƙi. Abin da ke cin raina, jikana na fari ne, kuma an hana ni taɓa shi. Rigunan da na ɗinka masa da hannuna, sai da aka wanke su da tafasasshen ruwa kafin a sa masa. Yana kuka ina jin sa ta bango, ba halin in je. Ɗan nawa kuwa ya zama ɗan kallo, sai sunkuyar da kai. Asibitin ma tsoron komawa nake yi, kada a tabbatar da maganarta. Wallahi ban san inda zan sa kaina ba.

Kaka Mai Keke

Mama, sannu, ki share hawayenki. Hawan sinadaran hanta ba sunan cuta ba ne, alama ce cewa wani abu yana wahalar da hantar. Kitse a hanta yana jawo shi, haka ciwon sukari, da yawan shan maganin ciwon jiki, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba ciki ba. Ƙwayar cutar hanta ɗaya ce kawai cikin dalilan, kuma gwajinta daban ne. Sau da yawa idan an kawar da dalilin, sinadaran kan sauka.

Ki daina shan jiƙon nan daga yau. Ki kwashi gorar da ƙwayoyinki ki kai wa likita ya gani, a yi gwajin ƙwayar cutar da hoton ciki. Ɓuya a ɗaki ba ya maganin komai.

Surukarki kuma kada ki riƙe ta a rai. Haihuwar fari ce, tsoro ne ya rufe mata ido. Amma ta yi kuskure. Nau'in cutar da ke daɗewa a jiki ta jini da saduwa da haihuwa yake bi, ba ya bin kofi, ba ya bin rungumar jariri, kuma akwai allurar rigakafinsa ga jarirai. Ki sa ɗanki ya raka ki, ya ji da kunnensa, ya koma ya faɗa wa matarsa, don daga bakinsa maganar za ta fi shiga. Ki je cikin makon nan, Mama, jariri ba ya jiran kowa wajen girma. Allah ya ba ki lafiya, ya sa yaron nan ya yi wayo a cinyarki.