Rigar da Inna ta Ɗinka wa Fasfo

Hargeisa, 19 ga Mayu, 2016

Ya ke Idil, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙaya, inuwata a tsakar rana, ƙanshin turaren wutar da ke maƙale a riga har bayan wanki! Sallama gare ki daga garin da kika bari, daga hannun da har yanzu koren fenti bai fita daga faratansa ba.

Saƙonki ya same ni shekaranjiya a kan tsani, a bangon shagon shayin Kawu Warsame, ina goge ashirin da huɗu ina rubuta ashirin da biyar. Kin san aikin: duk shekara, kafin ranar da muka ɓalle daga mulkin Mogadishu, ni ke sauya lambar shekarun 'yancinmu. Layi uku kika rubuto daga Konya ta Turkiyya. Wai wani likita, ɗan Burao, ya nemi aurenki, kuma za ki ba shi amsa bayan ƙaramar Sallah, domin kin gaji da jiran mutumin da ba zai iya ƙetare teku ba. Buroshi ya suɓuce mini. Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Kai Guled, bangon na ce ka shafa, ba tabarmata ba!" Na sauko na ɗauki buroshin.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? A ƙarƙashin tsanin nan ne. Ina zana raƙumi a ƙofar mai sayar da nono, kika tsaya da littattafanki, kika karkata kai kika ce, "Malam mai fenti, wannan raƙumi ne ko akuya ce ta yi tozo?" Wayyo Idil! Duk kasuwa ta yi mini dariya, ni kuwa na sauko da niyyar faɗa, na ƙare ina tambayar sunanki. Har yau ban gyara raƙumin ba. Mai shagon ya yi magana ya gaji.

Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Da kika samu gurbin karatun ungozoma a Turkiyya, kin karɓi shuɗin fasfon Mogadishu ba tare da dogon tunani ba, tunda da shi ne hanyar ke buɗewa. Kika ce in yi haka in biyo ki. Na buga ƙirji na ce ni ba zan riƙe takardar gwamnatin da jiragenta suka tashi daga filin garinmu suka rushe garinmu ba. Babana yana ƙarƙashin wani bango da ya faɗo a waccan shekarar, Inna ta goya ni a ƙafa har Habasha. Na ce ki ba ni shekara ɗaya, duniya za ta amince da mu, in zo miki da fasfon ƙasata kaina a sama. Muna da tutarmu, da kuɗinmu, mun yi zaɓe an sauka an hau ba a zubar da jini ba, me ya rage? Kika yi murmushin da ya fi kuka ciwo, kika ce, "Kai da ƙasarka halinku ɗaya: baɗi, baɗi." Sau uku na sauya lambar bangon nan tun daga ranar.

To, ga abin da ba ki sani ba, ya hasken idona. Watan jiya na ce wa Inna zan je Burao aikin wani shago, na hau mota na zarce Garowe, inda ake ba da fasfon Mogadishu. Na bi layi, na dangwala yatsu, aka ɗauke ni hoto. Ma'aikacin ya dubi takardata ya ce, "Ɗan Hargeisa? Ashe kun tuna hanyar gida." Na haɗiye ta. Ni Guled, da ba a gaya mini magana in yi shiru, na haɗiye ta saboda ke. Da fasfon ya fito sai na kasa faɗa wa kowa, har ke. Kunya ta hana ni. Na naɗe shi a leda na tura cikin tsohon gwangwanin fenti a bayan ɗaki, ina cewa bari bikin ya wuce tukuna. Kin ga, ko a nan ma sai da na ce baɗi.

Jiya gari ya cika maƙil. Ko'ina kore da fari da ja, mata na guɗa, motoci na hon, tsofaffi na kuka a gaban jirgin yaƙin nan da aka kafe a tsakiyar gari. Ni na dawo gida da hantsi, zuciyata ba ta wurin. Na tarar da Inna a gaban keken ɗinkinta. Sati biyu tana ɗinka tutocin sayarwa, ta shiga neman gwangwanin da za ta zuba ƙyallaye, ta ci karo da fasfon. Na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗago ba sai da ta yanke zare da haƙori. Sannan ta miƙo mini shi. Ta ɗinka masa riga da ragowar ƙyallen tuta, kore a sama, fari a tsakiya, ja a ƙasa, babu inda shuɗin ya leƙo. Ta ce, "Ubanka bai mutu don ka tsufa a kan tsani kai kaɗai ba. Jeka wurin yarinyar mutane. Amma in za ka riƙe abin nan a gidana, kada ka riƙe shi tsirara." Ta mayar da kai kan kekenta, ina ganin hawaye na ɗiga a kan yadin.

Idil, shekara uku ina fakewa da tsohuwar nan, ashe ita ta fi ni ƙarfin zuciya. Yanzu fasfo biyu ne a aljihuna: ɗaya duniya ba ta san shi ba, ɗaya ni ban san kaina a cikinsa ba. Ina zan nufa da su in ba ki buɗe ƙofa ba? Wa zan nuna wa ɗinkin Inna ya gane abin da ya ci mata?

Ban ce likitan mugun mutum ba ne. Ya zo a kan lokaci, ni na makara. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki amsa masa sai kin ga fuskata. Jibi zan kama hanyar Addis neman biza. In kin ce zo, ko azumi a bakina zan taho. In kuma kin yi shiru, ba zan zage ki ba, ba zan nemi wata ba. Jiran amsar da ba ta zuwa ba baƙon abu ba ne a garinmu, a cikinsa na girma. Sai dai ƙasata tana jiran duniya gaba ɗaya, ni bakin mutum ɗaya nake jira.

Naki, ko kin amince da ni ko ba ki amince ba, har ranar da za a sauke ni daga tsani a kai ni makwanci,

Guled